Tsakanin Mawallafi da Ɓarawo: Tarihin Haƙƙin Mai Littafi a Wajen Musulmi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sanar da ɗan Adam rubutu, Ya sanya alƙalami ya zama ma'ajiyar ilimi daga wani zamani zuwa wani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin ɗalibai da masu sana'ar littattafan addini, har ma da wasu malamai, cewa wai gargaɗin nan da ake rubutawa a shafin farko na littafi, na hana sake buga shi ba da izinin mai shi ba, al'adar Turawa ce da Musulmi suka aro, domin ilimi na Allah ne, kuma magabata ba su san wani abu wai shi haƙƙin mallaka ba. Mafi yawan masu faɗin haka kishin yaɗuwar ilimi ne ke sa su, babu mugun nufi a ransu. Sai dai tunda an jingina maganar ga magabata, ya zama wajibi a koma ga tarihinsu a duba, domin ɗora wa mutum abin da bai faɗa ba shi ma cin amanar ilimi ne. Wanda ya duba kuwa zai tarar da haƙƙoƙi biyu ake cuɗawa wuri guda: haƙƙin suna da haƙƙin kuɗi. Na farkon tsoho ne tukuf a wajenmu, an kai ƙara a kansa gaban manyan malamai fiye da shekara 200 kafin Ingila ta yi dokarta. Na biyun kuwa injin buga littafi ne ya haife shi, kuma malamai ba su yi shiru a kansa ba.

Ƙarar da aka kai a Alƙahira

Babu ɗalibin ilimi a ƙasar Hausa da bai san sunan Imam Jalaluddin Suyuɗi ba, Allah Ya yi masa rahama. An haife shi a shekara ta 849 bayan Hijira (1445), ya rasu a Alƙahira a 911 (1505). Tafsirin Jalalaini da ake ja mana a masallatai duk watan azumi rabinsa aikinsa ne: malaminsa Jalaluddin Mahalli ya yi daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshen Alƙur'ani haɗe da Fatiha, ya rasu, sai Suyuɗi ya cike daga Baƙara zuwa Isra'i. Ko sunan littafin ma darasi ne, domin ya riƙe sunayen Jalal ɗin biyu, ɗalibi bai haɗiye malaminsa ba. Alaƙarsa da wannan yanki kuma ba ta littafi kaɗai ba ce, tun yana raye ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasar Takruru, ya ambaci Sarkin Agadas Muhammadu ɗan Sattafan da Sarkin Katsina Ibrahim a cikinta.

Daga cikin manyan littattafansa akwai Al-Khasa'isul Kubra, wanda ya tattara keɓance-keɓancen Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, da mu'ujizozinsa. Shi da kansa ya bayyana cewa ya shafe shekara 20 yana bin diddigin waɗannan mas'aloli a cikin littattafai har suka haura 1,000. Mai karatu ya tuna cewa a wancan lokaci babu fihirisa irin ta yau, balle kwamfuta. Mai neman hadisi guda sai ya bi mujalladai shafi-shafi, wani lokaci a ɗakin karatun wata makaranta da ba a yarda a fita da littafi ba. Da ya ga an kwashe wannan wahala tasa an zuba a wani littafi ba tare da an ambace shi ba, sai ya rubuta wata maƙama ya sa mata suna Al-Fariƙ bainal Musannifi was Sariƙ, wato mai rarrabewa tsakanin mawallafi da ɓarawo. Sunan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa magabata ba su san satar rubutu ba.

Mutane da yawa sun ɗauka da Imam Shihabuddin Ƙasɗallani yake, mai littafin Al-Mawahibul Laduniyya, wanda ya rasu a 923 (1517). Masu tarihi, irin su Aidarusi a cikin An-Nurus Safir da Haji Khalifa a cikin Kashfuz Zunun, sun kawo cewa Suyuɗi ya kai ƙararsa gaban Shaihul Islam Zakariyya al-Ansari, yana zarginsa da cewa yana ɗebo daga littattafansa ba ya jingina masa. Da aka nemi ya kafa hujja, sai ya kawo wurare da Ƙasɗallani ya ce Baihaƙi ne ya ruwaito, ya ce ai Baihaƙi littattafansa suna da yawa, to ya faɗa mana a wanne ya gani. Manufarsa ita ce mutumin bai buɗe Baihaƙi ba, a littafin Suyuɗi ya tarar da nassin an riga an tono shi, don haka abin da ya wajaba a kansa shi ne ya ce Suyuɗi ya ciro daga Baihaƙi.

A dakata a nan kaɗan, domin wannan hujja tana da zurfi fiye da yadda take a zahiri. Suyuɗi bai yi da'awar cewa hadisin nasa ne ba. Hadisi na Annabi ne, ruwaya ta Baihaƙi ce. Abin da yake karewa shi ne wahalar nema da tattarawa da jerantawa. Ya ɗauki wannan wahala a matsayin abin da ke da mai shi, wanda tsallake shi zalunci ne ko da duk kalmomin da aka ɗauka na wasu ne. A kan irin wannan fahimta ce dokokin zamani suka ba mai tattarawa da mai tahƙiƙi haƙƙi, ƙarnoni bayan haka.

Ƙarshen labarin shi ne abin da ya fi taɓa zuciya. An ce Ƙasɗallani ya tako daga cikin Alƙahira har gidan Suyuɗi da ke Rauda, tsibirin nan na cikin kogin Nilu, ba takalmi a ƙafarsa, ba rawani a kansa, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Suyuɗi ya tambaya daga ciki ko wane ne, ya faɗi sunansa, ya ce ya zo ne a wannan hali domin ya wanke masa zuciya. Suyuɗi ya amsa cewa zuciyarsa ta wanku, amma bai buɗe ƙofar ba, ba su kuma ga juna ba. Ni dai a ganina Ƙasɗallani ne ya fita da girma a wannan rana. Kuma kada wani ya ɗauke shi sakarai a sha'anin amana: shi ne mai Irshadus Sari, sharhin Bukhari da ya gina a kan kwafin Yunini, yana bin bambancin ruwayoyi harafi-harafi, har ya zama madogara ga duk mai son ingantaccen nassin Sahihi.

Shi kansa Suyuɗi bai tsira ba. Hafiz Sakhawi, wanda ya rasu a 902 (1497), ya zarge shi a cikin Ad-Dau'ul Lami' da cewa yana ɗaukar tsofaffin littattafai daga ɗakin karatu na Mahmudiyya, ya ɗan sauya, ya gabatar ya jinkirtar, sannan ya sa sunansa. Suyuɗi ya mayar masa da martani mai zafi a cikin Al-Kawi. Malamai sun koya mana cewa maganar tsara a kan tsara naɗe ta ake yi a ajiye, ba a yawo da ita, don haka ba aikinmu ba ne yanke hukunci tsakanin waɗannan duwatsu. Abin lura guda ne: a cikin su ukun babu wanda ya kare kansa da cewa ilimi na Allah ne, kowa ya ɗiba. Kowanne ya yarda cewa laifin laifi ne; musun da ake yi shi ne ko an aikata ko ba a aikata ba.

Wannan kuwa gado ne suka taras. Al'ummar da ta gina addininta a kan isnadi, har Abdullahi ɗan Mubarak ya ƙirga shi cikin addini, ba za ta ɗauki jingina magana ga mai ita da wasa ba. Ibn Abdil Barr da Ƙurɗubi, dukkansu malamanmu na Malikiyya, sun ambaci cewa albarkar ilimi tana cikin mayar da magana ga wanda ya faɗe ta, Ƙurɗubi ma ya sanya haka sharaɗi a kan kansa tun a gabatarwar tafsirinsa. Mas'udi, masanin tarihi na ƙarni na 4, ya yi mummunar addu'a a cikin Murujuz Zahab ga duk wanda ya jirkita littafin ko ya jingina shi ga wani. Yaƙut al-Hamawi, da ya rasu a 626 (1229), ya roƙi masu zuwa bayansa da kada su taƙaita Mu'ujamul Buldan. An kuma ruwaito cewa an tambayi Imam Ahmad game da wanda ya tsinci takarda mai ɗauke da hadisai da ta faɗi daga hannun wani, ko zai iya kwafa sannan ya mayar, sai ya ce a'a, ya nemi izini tukuna. Asalin duk wannan yana cikin Littafi da Sunna: aya ta 188 a Suratu Ali Imrana ta zargi masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba, hadisin Asma'u da ke cikin Bukhari da Muslim kuma ya kamanta mai tinƙaho da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafin ƙarya biyu. A nan gida ma, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukh, don ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wajensu da abin da ya karanta a gaban kowanne.

To ina batun kuɗi?

A nan ne masu waccan magana suke da ɗan abin riƙewa, kuma adalci ne a ba su. Babu wani babi a tsofaffin littattafan fiƙihu da ya ce sai an biya mawallafi kafin a kwafi littafinsa. Amma dalilin yana cikin yadda ake samar da littafi a lokacin. Kowane kwafi aikin hannun mutum ne na makonni ko watanni, da takarda mai tsada da tawada da alƙalamin kara. Kuɗin da mai saye ke biya ladan wannan gumi ne, kuma babu wanda zai iya cika kasuwa da kwafi dubu cikin dare ɗaya. Mawallafi kuwa yawanci yana ci ne daga waƙafin makaranta, ko alƙalanci, ko fatauci, ko kyautar masu mulki. Jahiz ya ba da labarin cewa da ya sadaukar da Kitabul Hayawan ga waziri Ibnuz Zayyat an ba shi dinari 5,000. Da Ibn Hajar ya kammala Fathul Bari a 842 (1438) ya yi walimar da ta ci kimanin dinari 500, sarakunan ƙasashe suka riƙa aikowa neman littafin, aka sayar da kwafinsa a kan dinari 300 ko kusa da haka. Ke nan sanin cewa littafi yana da daraja ta kuɗi ba sabon abu ba ne.

Labarin da ya fi nuna yadda kasuwar take shi ne na Farra'u, limamin nahawu na Kufa, wanda ya rasu a 207 (822). Ya yi shiftar littafinsa Ma'anil Ƙur'an a Bagadaza, warraƙai, wato masu sana'ar kwafar littattafai da sayarwa, suna rubutawa. Da ya gama sai suka ɓoye abin da suka rubuta, suka ce ba mai samu sai a kan dirhami ɗaya kowace warƙa 5. Mutane suka kai kuka. Ya kira su ya yi musu magana, suka ce sun lizimce shi ne domin su amfana, ya bar su su ci abinci. Ya nemi su sassauta, suka ƙi. Sai ya yi shela cewa zai sake shiftar wani littafin a kan wannan fanni wanda ya fi na farko faɗi, ya zauna ya yi warƙa 100 a kan Fatiha kaɗai. Nan take warraƙan suka dawo suna ba da haƙuri, suka mayar da farashi warƙa 10 a dirhami. A lura da kyau: a wannan ciniki duka, malamin bai ci ko anini ba, kuma ba shi da alƙalin da zai kai wa ƙara. Makaminsa kawai shi ne ya fi su abin da suke sayarwa.

Akwai kuma ijaza, wadda wasu marubutan zamani ke gaggawar kiranta lasisi. Da kama, amma ba ɗaya suke ba. Ijaza izinin ruwaya ce, manufarta tsare nassi daga kuskure da ƙarya, ba ta shafi ciniki ba. Abin da ta tabbatar dai shi ne Musulmi sun saba da cewa littafi ba ya fita daga hannun mai shi zuwa duniya sai ta ƙofar da ya buɗe.

Da injin ya zo

Wajen shekarar 1455 Gutenbag ya buga littafinsa na farko mai girma a Jamus, lissafi ya sauya gaba ɗaya. Yanzu wahalar tana wajen mai rubutawa da mai buga na farko, wanda ya biya masu jera haruffa da masu gyara. Na biyu kuwa kwafi ɗaya kawai yake buƙata ya saya, ya buga dubbai, ya karya farashi tunda bai biya kowa ba. Birnin Benis na Italiya, wanda Larabawa ke kira Bunduƙiyya, ya fara ba wa wani marubucin tarihi kariya a kan littafinsa a 1486. Ingila ta yi dokar da ake kira da sunan Sarauniya An a 1710, ta ba mawallafi shekara 14, a ƙara masa wasu 14 idan yana raye. A 1886 ƙasashe 10 suka sa hannu a yarjejeniyar birnin Bern ta Suwizalan domin kare marubuta a wajen ƙasashensu, cikinsu har da Tunisiya, wadda a lokacin take ƙarƙashin Faransa. Turawa sun riga mu yin doka ne saboda sun riga mu samun injin, matsalar ta fara isa gare su.

A daular Usmaniyya sai a 1727 Sarki Ahmad na Uku ya ba Ibrahim Mutafarriƙa izinin kafa maɗaba'a a Istanbul, tare da fatawar Shaihul Islam, bisa sharaɗin ba za a buga tafsiri da hadisi da fiƙihu da ilimin aƙida ba. Littafin farko ya fito a 1729, fassarar ƙamus ɗin Jauhari zuwa Turkanci. A Masar Muhammad Ali ya kafa maɗaba'ar Bulaƙ a 1820, ita ce daga baya ta fitar da manyan littattafan addini: Fathul Bari a 1300 zuwa 1301 na Hijira, da Sahihul Bukhari bisa kwafin Yunini da umarnin Sarki Abdulhamid na Biyu a 1311 zuwa 1313. Daga irin waɗannan maɗaba'u na Masar, musamman ta Musɗafa al-Babi al-Halabi, littattafan nan masu ruwan ɗorawa suka riƙa isowa kasuwar Kurmi da zaurukan malamanmu. Doka ta biyo baya: Usmaniyya a 1910, da kariya har shekara 30 bayan rasuwar mawallafi, Masar a 1954. A Nijeriya Turawan mulki sun shimfiɗo dokar Ingila ta 1911, aka yi ta gida a 1970, aka sake a 1988, ƙasar ta shiga yarjejeniyar Bern a 1993, sannan dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce ta 2022 da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023.

Saɓanin malamai da inda aka tsaya

Dokar hukuma daban, hukuncin Shari'a daban, kuma malaman ƙarnin da ya wuce sun yi saɓani na gaske a kan wannan. Cikin waɗanda suka hana akwai Mufti Muhammad Shafi'i na Pakistan, wanda ya rasu a 1976. Hujjojin wannan ɓangare ba na wasa ba ne. Sun ce taƙaita bugu ga mutum ɗaya yana kusa da ɓoye ilimi, wanda aya ta 159 a Suratul Baƙara ta la'anci masu yin sa, hadisi kuma ya yi musu alkawarin linzamin wuta. Sun ce wallafa littafin addini ibada ce, ba a karɓar lada biyu. Sun ce wanda ya sayi littafi ya mallake shi, yana da ikon yin abin da ya ga dama da abinsa. Sannan a asalin mazhabar Hanafiyya dukiya ita ce abin da ake iya riƙewa a adana, haƙƙi tsagwaro kuwa ba a sayar da shi. Wasu sun ƙara da maganar Imam Ƙarafi, Bamalike, a cikin Al-Furuƙ, cewa magada suna gadon dukiya da abin da ya rataya da ita, ba sa gadon hankalin mamaci da ijtihadinsa.

Ɗaya ɓangaren, wanda ya fi yawa, ya haɗa da Dakta Fathi Duraini mai littafin Haƙƙul Ibtikar, da Shaihu Bakar Abu Zaid a cikin Fiƙhun Nawazil, da Mufti Taƙi Usmani, wanda ɗa ne ga Mufti Shafi'i ɗin nan, ya kuma saɓa wa mahaifinsa cikin ladabi. Sun ce a wajen Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya amfani shi ma dukiya ne, shi ya sa ake hayar gida da jinga da ma'aikaci. Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, ya aurar da mace ga wani sahabi a kan surorin da ya haddace, ya kuma halatta wa sahabban da suka yi ruƙya da Fatiha garken tumakin da aka ba su. Idan koyar da Alƙur'ani ya iya tsayawa a matsayin sadaki, ta yaya wahalar shekaru a kan sharhi za ta zama ba ta da ƙima? Game da ɓoye ilimi kuwa, wanda ya rubuta ya buga ya kai kasuwa ai bayyanawa ya yi. Abin da ya hana shi ne wani ya yi kasuwanci da guminsa. Maganar Ƙarafi ita ma gaskiya ce a muhallinta, ɗan mujtahidi ba ya gadon ijtihadi, amma abin da ijtihadin ya haifar ya zauna a takarda har ake saye da sayarwa, wannan ya shiga babin dukiya.

Hujjar da ta fi shiga kunnen jama'a ita ce ta mai saye ya mallaki abinsa, don haka ta cancanci amsa ta musamman. Lallai ya mallaka: ya karanta, ya ara wa abokinsa, ya yi kyauta da shi, ya sayar da wannan kwafin, ya ciro magana daga ciki ya jingina ta ga mai ita, ya karantar da shi a zaure shekara 40, babu mai ce masa don me. Abin da bai saya ba shi ne ikon ƙirƙiro wasu kwafin ya shiga kasuwa da su. Malamai sun buga misali da kuɗi: takardar naira da ke aljihunka taka ce, ka kashe ta yadda ka so, amma mallakarta ba ta ba ka izinin buga irinta ba.

Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta tabbatar da haƙƙin mawallafa a zamanta na 9 a watan Rajab 1406 (1986). Sai kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 5 a Kuwaiti, daga 1 zuwa 6 ga Jimada Ula 1409, daidai da 10 zuwa 15 ga Disamba 1988, ta fitar da ƙuduri mai lamba 43. Abin da ya ƙunsa shi ne sunan kasuwanci da tambari da wallafa da ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, sun samu ƙimar kuɗi a al'adar wannan zamani, Shari'a tana la'akari da su, ba ya halatta a yi musu ta'adi, kuma mai su yana iya sayar da su matuƙar babu garari ko algus ko yaudara. Daga nan al'amarin ya koma ƙarƙashin aya ta 29 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, ta kuma sanya yardar juna sharaɗin ciniki.

Sharaɗin mai abu

Abin da ya rage shi ne karanta sharaɗin da mai littafi ya gindaya, domin ba duka ne iri ɗaya ba, kuma hadisi ya tabbatar da cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Wani ya riƙe haƙƙinsa duka, sai an nemi izininsa. Wani ya rubuta cewa ya yarda kowane Musulmi ya buga don rabawa kyauta, muddin ba a ƙara ba a rage ba. Wannan ya ba da izinin sadaka, bai ba da na ciniki ba, wanda ya buga ya sa farashi ya fita daga izinin. Irin wannan tsari ne Turawa suka tsara a rubuce da sunan Creative Commons, wanda lasisinsa na farko ya fito a 2002, inda mai hoto ko rubutu a intanet ke iya cewa a ɗauka a ambaci sunana, amma kada a yi kasuwanci da shi. Mafi nauyi a cikinsu shi ne waƙafi. Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina, wadda aka buɗe a 1984, ta buga fassarar Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, kuma kwafin da take rabawa kyauta suna ɗauke da sanarwa ƙarara cewa waƙafi ne, ba a sayarwa. Duk da haka ba baƙon abu ba ne a ga irinsu a kan teburin mai sayar da littattafai da farashinsu. Wannan ba ya buƙatar ƙudurin wata majalisa. Haramcin sayar da waƙafi yana cikin hadisin Sayyidina Umar game da gonarsa ta Khaibara.

Sai tsofaffin littattafai. Muwaɗɗa da Risala da Ishiriniya da Ahalari ba na kowa ba ne, kowa na iya bugawa. A dokar Nijeriya ma kariyar rubutu tana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar mawallafi. Amma a nan hujjar Suyuɗi ke dawowa. Musnadin Imam Ahmad na al'umma ne, sai dai aikin da Shaihu Ahmad Shakir ya yi a kansa har ya rasu a 1958 bai kammala ba, da wanda Shaihu Shu'aibu Arna'uɗ da abokan aikinsa suka fitar a mujalladi 50, na gwada kwafe-kwafen hannu da bin kowane hadisi da bayyana darajarsa, wannan yana da masu shi. Mai ɗaukar hoton shafukansu ya buga a takarda mai araha, wani lokaci ma ya goge sunan mai tahƙiƙin, ya haɗa laifin biyu a aiki ɗaya.

Ban ce a ɗaure ɗalibi matalauci da ya yi fotokwafin babi guda don jarrabawa, ko wanda ya sauke littafin da babu shi a kasuwar garinsu ba. Doka da kanta ta bar ƙofa ga karatun kai da bincike, malamai da dama kuma sun bambanta tsakanin mai amfanin kansa da mai neman riba. Mawallafa da maɗaba'u su ma akwai nasu kason: wanda ya tsawwala farashin littafin addini har ya fi ƙarfin ɗalibai ya zauna ne a mazaunin warraƙan Bagadaza, ba a na Farra'u ba. Haka magadan da suka kulle rubuce-rubucen mahaifinsu a akwati, ba su buga ba, ba su bari an buga ba, har gara ta cinye. Su ne ayar Baƙara ta fi kusa da su.

Wanda maganar ta fi shafa shi ne mai cin riba. Mai zuba karatun alaramma ko wa'azin malami a katin waya yana sayarwa, wani lokaci ya yanke shi ya sa masa sunan da malamin bai sa ba. Mai ɗaukar waƙen bege na wani ya ɗora a tallan hajarsa. Da kuma mu masu makarantun Islamiyya, domin abin ya fi yawa a cikinmu fiye da yadda muke son faɗa: wani malami ya shekara yana tsara littafin koyon Larabci ko tajwidi na yara, ya ci bashi ya buga kwafi kaɗan, sai makaranta ta sayi guda ɗaya, ta kai wa mai injin, a cire bango a sa tambarin makaranta, a wajabta wa iyaye saye a farkon zango. Kuɗin ya shiga asusun makaranta, bashin ya zauna a wuyan malamin, bugu na biyu da zai gyara kurakuransa ba zai taɓa fitowa ba, kuma a cikin wannan littafin ne za a koya wa yara babin amana. Galibin irin waɗannan littattafai lambar wayar mawallafin tana nan a bangon baya da aka cire, kuma da yawansu idan aka kira su ragi suke yi wa makarantu, wasu ma su yafe.

Wallahu a'alam.